Kwana 12 a Malesiya: Jagorar Matafiyi daga Kuala Lumpur zuwa Tsibirin Langkawi

Malesiya ƙasa ce da teku ya raba gida biyu. Ɓangare ɗaya yana manne da ƙasar Tailan ta arewa ya gangaro har bakin Singafo, ɗayan kuma yana can a tsibirin Borneo, inda jihohin Sabah da Sarawak suke, kuma tsakaninsu akwai tafiyar kusan sa'o'i biyu ko fiye a jirgin sama. Wanda yake da kwana 12 kacal, shawarata gare shi ita ce ya cire Borneo daga lissafinsa, ya bi gaɓar yamma ta ɓangaren farko, wato Kuala Lumpur da Melaka da Penang da Langkawi, ya ba kowane wuri haƙƙinsa. Garin neman gira ake rasa ido, kuma mutumin da ya ɗora garuruwa bakwai a kan kwana goma abin da zai fi tunawa shi ne tasoshin mota da ɗakunan jira. Wannan jagora ta bi tafiyar tun daga neman biza har zuwa jirgin komawa gida.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Ƙasar tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka babu hunturu, babu bazara irin tamu. Zafin rana yana kaiwa digiri 31 zuwa 33 kusan duk shekara, amma zafi ne mai ɗauke da danshi, wanda gumi ba ya bushewa a jiki, kuma wanda ya saba da busasshen zafin Sakkwato ko Damagaram zai iya mamakin yadda tafiyar minti 20 za ta jiƙa masa riga sharkaf. Abin da ke raba watanni shi ne iskar damina. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa mai ƙarfi yana dukan gaɓar gabas, har yawancin masaukan tsibiran Perhentian da Redang sukan rufe, alhali a daidai wannan lokaci gaɓar yamma, musamman Langkawi da Penang, tana samun sauƙin ruwa daga Disamba zuwa Maris. Satumba da Oktoba su ne watannin da ruwa ya fi yawa a Langkawi.

Ka kuma duba kalandar bukukuwa. A ƙarshen azumi, wanda suke kira Hari Raya, da lokacin sabuwar shekarar 'yan China da ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, mutanen birni sukan kwashe su tafi garuruwan iyayensu, tikitin mota da na jirgin ƙasa su ƙare tun makonni kafin ranar. Watan azumi kansa yana da nasa armashi, domin kowace unguwa tana kafa kasuwar buɗa-baki da la'asar, sai dai wasu gidajen abinci na Musulmi ba sa buɗewa da rana.

Mataki na biyu: takardu

Mai fasfo na Najeriya sai da biza yake shiga Malesiya, kuma ofishin jakadancin ƙasar yana Abuja. Ka nemi sharuɗɗan kai tsaye daga ofishin ko daga shafin hukumar shige da fice ta Malesiya, ka fara da wuri, kada ka biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa kafin bizar ta fito. Fasfonka ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga ƙasashen yankinmu, kuma shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba abin da za a bari sai jajibirin tafiya ba ne. Akwai kuma fom ɗin isowa da ake cikewa ta intanet, mai suna MDAC, cikin kwana uku kafin saukarka. Kyauta ne, duk shafin da ya nemi ka biya kuɗi a kansa ka rufe shi.

A gaban jami'in shige da fice ana iya yi maka tambayoyi da yawa, kuma gaskiya ita ce masu fasfon Afirka ta Yamma sukan sha bincike fiye da wasu. Maganin abin shi ne shiri. Ka buga tikitin komawarka a takarda, da shaidar kama otal, da jadawalin tafiyarka, ka riƙe kuɗin guzuri da za ka iya nunawa, ka amsa abin da aka tambaye ka cikin natsuwa. Idan an buga maka hatimi, ka karanta adadin kwanakin da aka ba ka kafin ka bar wurin, domin wuce wa'adi laifi ne da ke jawo tara da tsarewa.

Abu guda kuma ina roƙonka da babbar murya: kada ka karɓi saƙon kowa. Mun saba da al'adar "don Allah riƙe min wannan ka miƙa wa ɗana", kuma al'ada ce mai kyau a tsakanin garuruwanmu, amma dokar Malesiya kan safarar miyagun ƙwayoyi tana kaiwa ga ɗaurin shekaru masu yawa ko hukuncin kisa, kuma abin da aka samu a jakarka naka ne a idon shari'a. Ko ɗan'uwa ne ya ba ka, ka buɗe ka gani da idonka, abin da ba ka gane ba ka mayar masa. Kilishi da dambun nama ma gara a bar su a gida, saboda shigar da nama yana da ƙa'idoji masu tsauri.

Mataki na uku: jirgi, kuɗi da daren farko

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar zuwa Kuala Lumpur, sai an ya da zango a birane irin su Doha ko Adis Ababa ko Istanbul ko Dubai, kuma duka tafiyar takan cinye kusan yini da kwana. Agogonsu yana gaban namu da sa'o'i bakwai, wato idan ƙarfe 12 na rana ne a Kano, ƙarfe 7 na yamma ne a can. Kwana biyun farko barci zai riƙa zuwa maka da rana ya gudu da dare, shi ya sa bai kamata ka ɗora wani babban shiri a ranar da ka sauka ba.

Kuɗinsu ringit ne, kuma 'yan canji ba sa karɓar naira ko sefa, saboda haka ka taho da dala, sababbin takardu marasa yagewa. Ka canza kaɗan a filin jirgi don motar shiga gari, sauran ka bari sai ka isa wurin 'yan canjin manyan kantuna a cikin birni, inda farashi ya fi kyau. Kuɗin da ya haura dala 10,000 dole a bayyana shi ga jami'an kwastan. Kafin ka fita daga filin jirgin ka sayi layin waya da fasfonka, ka sauke manhajar Grab, domin da ita ake kiran mota a duk garuruwan da za ka je, kuma tana nuna maka kuɗin tafiya tun kafin ka shiga. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, cajarka za ta yi aiki yadda take.

Filin jirgin saman KLIA yana Sepang, kimanin kilomita 50 kudu da birnin. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres yana kai mutum babbar tashar KL Sentral cikin kusan rabin sa'a, amma idan ku uku ne ko huɗu da kaya, mota ta fi araha. Ka kama masauki kusa da tashar jirgin ƙasa, a KL Sentral ko Bukit Bintang ko unguwar Masjid Jamek, kuma ka san cewa baƙo ɗan ƙasar waje yana biyan harajin ringit 10 a kan kowane ɗaki duk dare. Idan ka shiga ɗakin ka ɗaga kai, a yawancin otal za ka ga 'yar kibiya a jikin silin da aka rubuta "Kiblat", ita ce alƙibla.

Mataki na huɗu: tsara yini bisa rana, ruwa da salla

Wannan shi ne ginshiƙin tafiyar gaba ɗaya, kuma wanda ya kiyaye shi zai ga abubuwa da yawa ba tare da ya galabaita ba. Gari ba ya wayewa a Kuala Lumpur sai wajen ƙarfe 7, ana kiran asuba kusan ƙarfe 6, azahar bayan ƙarfe 1, magariba kuma bayan ƙarfe 7 na yamma. Duk wurin da ake yawo a fili, kamar kogo ko dutse ko tsohon gari, ka je shi tsakanin 7:30 da 11 na safe. Daga tsakar rana zuwa la'asar ka shige inuwa, gidan tarihi ko masallaci ko kanti mai na'urar sanyaya ɗaki. Da la'asar hadari yakan taso ba sallama, sama ta yi baƙi ƙirin, a kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya na sa'a ɗaya ko biyu, sannan a ɗauke. Bayan magariba iska ta yi sanyi, kasuwannin dare su buɗe, sai ka sake fita. Ƙaramar lema da gorar ruwa da takalmin da ba ya santsi kada su bar jikinka, tufafi kuma na auduga marasa nauyi.

Wurin salla ba zai zame maka matsala ba. Musulmi sun haura kashi 60 cikin 100 na al'ummar ƙasar, kuma a manyan kantuna da tasoshi da gidajen mai na kan babbar hanya akwai ɗakin salla da ake kira surau, da wurin alwala, ɓangaren maza daban na mata daban, galibi har da hijaban aro. Mazhabar Shafi'iyya suke bi, don haka za ka ji liman yana bayyana bisimilla, kuma a sallar asuba ana yin alƙunutu a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u, mamu suna ɗaga hannu suna cewa amin. Bi limaminka kawai. Wani abin da zai sa ka ji kamar a gida shi ne kalmomin Larabci da muka yi tarayya da su: Khamis ita ce Alhamis, Jumaat Juma'a, Sabtu Asabar, dunia duniya, kubur kabari. Suna da rubutun ajaminsu da ake kira Jawi, za ka gan shi a allunan tituna da ƙofofin masallatai, kuma duk wanda ya yi makarantar allo zai iya haɗa baƙaƙensa ko da bai fahimci ma'anar ba.

Mataki na biyar: kwana huɗu a Kuala Lumpur

Ka fara daga inda birnin ya fara. Sunan Kuala Lumpur yana nufin mahaɗar ruwa mai taɓo, kuma a daidai inda kogin Klang ya haɗu da na Gombak aka gina Masjid Jamek, wanda aka buɗe a 1909. Daga nan da ƙafa za ka isa dandalin Merdeka, inda aka sauke tutar Birtaniya a daren samun 'yancin kai na 31 ga Agusta 1957, ga ginin Sultan Abdul Samad na 1897 da hasumiyar agogonsa yana fuskantar filin. Idan rana ta fara zafi sai ka nufi Masallacin Ƙasa, wanda aka kammala a 1965, mai rufi kamar buɗaɗɗiyar lema da hasumiya mai tsawon mita 73.

Kusa da masallacin akwai Gidan Tarihin Fasahar Musulunci, wanda aka buɗe a 1998, kuma a ganina babu wurin da ya kai shi cancantar sa'o'i uku a duk birnin. Akwai zaure guda da aka jera ƙananan siffofin manyan masallatan duniya, an sassaƙa su daki-daki, har mutum ya tsaya yana kallon Harami ta sama kamar tsuntsu. Akwai wani zauren na Alƙur'anai rubutun hannu, daga na yankin Malay masu ado da ja da ruwan zinariya zuwa na China da harafinsu ya ɗauki salon alƙalamin can. Wanda ya taɓa zama kusa da mahaddaci yana rubuta sura da tawadar gargajiya zai daɗe a gaban waɗannan gilasai, yana kwatanta zayyana da zayyana.

Tagwayen benayen Petronas, masu tsawon mita 452 da hawa 88, su ne suka fi kowane gini tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004, kuma an zana tushensu a kan tauraro mai kusurwa takwas na adon Musulunci. Ana hawa gadar da ta haɗa su a hawa na 41, sannan a wuce wurin kallo a hawa na 86. Tikitin yana da ƙayyadadden lokaci kuma yakan ƙare, don haka ka saya ta intanet kwanaki kafin ranar, ka kuma lura galibi ba a buɗewa ranar Litinin. Idan kuɗin ya yi maka yawa ba ka yi asarar komai ba, domin kyawun ginin daga ƙasa ake ganinsa: ka zauna a lambun da ke bayansa bayan magariba, fitilu su kama, ruwan tafkin ya fara rawa da ƙarfe 8. Dogon ginin nan mai tsini da za ka riƙa hangowa ta ko'ina shi ne Merdeka 118, mai mita kusan 679, na biyu a tsawo a duniya bayan Burj Khalifa na Dubai.

Safiya ɗaya ka ware wa kogon Batu, kilomita 13 arewa da birni, wanda jirgin KTM Komuter ke kaiwa har bakin ƙofarsa, kuma a jirgin akwai taragon mata zalla mai alamar ruwan hoda. Wurin ibadar mabiya addinin Hindu ne, da gunki mai tsawon mita kusan 43 a bakin matakala 272 da aka shafa wa fenti launi-launi. Musulmi da yawa suna zuwa don ganin kogon kansa, wani makeken rami a cikin dutsen farar ƙasa da haske ke saukowa ta samansa, wasu kuma ba sa son shiga wurin bautar wani addini, kowa da abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Idan ka je, ka mutunta masu ibada, ka sa tufafin da suka rufe gwiwa, ka kuma yi hattara da birai. Sun gane ƙarar leda sarai. Biri zai zauna a kan dogarin matakala kamar ba ruwansa, kana wucewa ya fizge ledar hannunka, kafin ka juya ya haye can yana ɓare abin da ke ciki. Abinci da tabarau da waya duk su shiga jaka mai zif.

Putrajaya, inda ma'aikatun gwamnatin tarayya suka koma tun 1999, tafiyar rabin yini ce a jirgin ƙasa, kuma Masallacin Putra mai kubba ruwan hoda a bakin tafki ya isa dalilin zuwa. A cikin birni kuwa ka riƙe jakarka ta ɓangaren da ba ya kallon titi saboda masu fizge a kan babur, kuma da yake ta hagu suke tuƙi, ka fara duban dama kafin ka tsallaka.

Mataki na shida: abinci

Tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, shi ne abin dubawa a ƙofar gidan abinci ko jikin kwali. Rumfunan Malay, ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, da gidajen abincin Indiyawa Musulmi, waɗanda ake kira mamak, babu damuwa a kansu, amma a unguwannin 'yan China naman alade da kitsensa suna shiga girki da yawa, har da taliyar da ba ka ga nama a kanta ba. Kalmar babi ita ce alade, ayam kaza, ikan kifi, pedas yaji. Titin Jalan Alor ya yi suna wurin baƙi, sai dai rumfunansa gauraye suke. Wanda yake son ya ci hankali kwance ya nufi Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malay da gidajen katako a ƙarƙashin inuwar dogayen benaye.

Karin kumallonsu nasi lemak ne, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, a zuba mata miyar barkono mai zaƙi-zaƙi da soyayyun ƙananan kifi da gyaɗa da ƙwai da kokwamba, a naɗe a ganyen ayaba. Satay kuwa ɗan'uwan tsire ne, nama a tsinke a kan garwashi, sai dai maimakon garin ƙuli ana tsoma shi a miyar gyaɗa mai kauri. A wurin mamak ka nemi roti canai, wata soyayyiyar gurasa, da teh tarik, shayin madara, ka tsaya ka kalli mai haɗa shayin: kofi a sama, kofi a ƙasa, ya riƙa zubo shi daga nesa kamar igiya har ya yi kumfa, daidai yadda masu shayinmu suke shiƙa shi. Suna cika madara mai sukari, don haka ka koyi cewa "kurang manis", wato a rage zaƙi. Durian, ɗan itacen nan mai ƙaya da wari mai ƙarfi, ka ɗanɗana shi a bakin rumfa, domin otal-otal sun hana shiga da shi.

Mataki na bakwai: kwana biyu a Melaka

Daga tashar TBS da ke kudancin Kuala Lumpur motoci suna tashi a kai a kai, tafiyar kimanin sa'o'i biyu ce. A hanya za ka ga gonakin kwakwar manja iya ganinka, kuma asalin wannan itaciya daga Afirka ta Yamma take. An fara nomanta don kasuwa a Malesiya a 1917, yau ƙasar ce ta biyu a duniya wajen samar da manja bayan Indonesiya.

Mutane da yawa suna zuwa Melaka da safe su koma da yamma, ni kuwa ina ganin an tauye garin da haka. Wajen shekarar 1400 wani yarima mai suna Parameswara ya kafa shi a bakin mashigin teku da jiragen fatake daga Indiya da ƙasashen Larabawa da China suke bi, sarakunansa suka karɓi Musulunci, daga nan addinin ya ƙara bazuwa a tsibiran yankin. Turawan Fotugal suka ci garin da yaƙi a 1511, na Holan suka ƙwace a 1641, Ingilishi suka karɓa a 1824, kuma kowannensu ya bar tabonsa a cikin tazarar da ƙafa za ta iya zagayawa. Ƙofar A Famosa ita ce abin da ya rage daga ganuwar Fotugal, jajayen gine-ginen dandalin Stadthuys na Holan ne, cocin da ke gefensu kuma an gama shi a 1753. A 2008 hukumar UNESCO ta sa Melaka da George Town, babban birnin Penang, cikin wuraren tarihi na duniya.

Wurin da na fi so a kai baƙo shi ne Masallacin Kampung Kling, wanda asalinsa ya koma 1748. Ba shi da kubba, rufinsa hawa uku ne mai tsini irin ginin tsibiran yankin, hasumiyarsa ta yi kama da ta wuraren ibadar 'yan China, a tsakar gida kuma akwai kwarmin alwala da ake ɗiban ruwa da moɗa mai dogon hannu. A kan titi ɗaya da shi akwai wurin ibadar Hindu da na 'yan China, duka tsofaffi, kowa yana harkarsa. Ka yi azahar a nan, ka zauna a barandar ka huta har rana ta yi sanyi. Da yamma ka ɗauki mota zuwa Masjid Selat Melaka, wanda aka buɗe a 2006 a kan ginshiƙai a bakin teku, idan ruwa ya cika sai ka ga kamar yana shawagi. Ka isa kafin ƙarfe 6:30, ka kalli faɗuwar rana da manyan jiragen dakon kaya suna wucewa can nesa, ka yi magariba a ciki. Kasuwar dare ta titin Jonker tana ci daga Juma'a zuwa Lahadi, tana da kyau don tsaraba, amma abincinta sai an tambaya.

Mataki na takwas: kwana uku a Penang

Ka koma Kuala Lumpur ka hau jirgin ƙasa mai lantarki na ETS zuwa Butterworth, garin da ke fuskantar tsibirin Penang, tafiyar sa'o'i huɗu da 'yan kai, kuma ka ɗauki rigar sanyi domin taragon yana da sanyi ƙwarai. Daga tashar, jirgin fito yana tsallakar da mutane zuwa George Town cikin 'yan mintoci. Wani Baturen Ingila mai suna Francis Light ne ya kafa garin a 1786 don kamfanin cinikin Ingila, kuma tsohon garin da ƙafa ake cin moriyarsa. Ka fara da Masallacin Kapitan Keling da Indiyawa Musulmi suka kafa a 1801, ka gangara zuwa masallacin titin Acheh na 1808. A zamanin da ake zuwa hajji ta ruwa, a wannan unguwa maniyyata daga sassan yankin suke taruwa su jira jirgin Jidda, gidajen da ke kewaye suna zama masaukansu da ofisoshin dillalan tafiya. Wanda ya ji labarin kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa zai tsaya a wannan titi da wani irin tunani.

Dutsen Penang, mai tsawon mita 833, ana hawansa da ƙaramin jirgin da igiyar ƙarfe ke ja, wanda ya fara aiki tun 1923. Ka je da sassafe kafin layi ya yi tsawo da kuma kafin gajimare ya rufe gari. Da rana ka ci nasi kandar, shinkafar da ake kwarara wa miya iri uku ko huɗu a faranti ɗaya, ka nuna abin da kake so da hannu, amma ka tambayi kuɗin kifi da jatan lande kafin a zuba, domin su ne suke ɗaga lissafi. Wajen nuni kuma, mutanen Malay da babban yatsa suke yi, sauran yatsun a dunƙule, suna ganin nuni da manuniya rashin ladabi ne. Gidajen katako na 'yan China da ke kan ruwa a bakin gaɓa mutane ne suke zaune a ciki, kada ka leƙa ɗaki ko ka ɗauki hoton wani ba da izininsa ba.

Mataki na tara: Langkawi da hanyar gida

Daga Penang jirgin sama bai kai sa'a ɗaya ba. Langkawi tarin tsibirai 99 ne a jihar Kedah, inda hutun mako yake kamawa Juma'a da Asabar, kuma tun 1987 aka ɗauke wa tsibirin harajin kaya, shi ya sa cakulan da turare da kayan kicin suke da sauƙi. Nan wurin hutawa ne, abu biyu kawai zan ce kada su wuce ka. Na farko keken sama da ke tafiya a kan igiya zuwa ƙololuwar dutsen Mat Cincang, sama da mita 700, inda wata lanƙwasasshiyar gada mai tsawon mita 125 take rataye a kan daji. Ana dakatar da shi idan iska ta yi ƙarfi, saboda haka ka gwada tun ranar farko don ka samu damar sakewa. Na biyu yawon kwale-kwale a Kilim, cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri da duwatsu masu kogon jemagu, jajayen shaho suna shawagi a sama. Ka sa rigar kariya ko da ka iya ruwa. A bakin tekun Cenang jar tuta tana nufin kada a shiga, kuma akwai lokutan da wata halittar ruwa mai kama da farar leda take harbin masu wanka. Maganin shafawa na sauro ya zama cikin jakarka, domin sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo. Lambar neman agajin gaggawa a duk ƙasar ita ce 999.

Kada ka haɗa jirgin Langkawi da jirgin komawa gida a rana ɗaya idan tikitinsu daban-daban ne, domin jinkirin sa'a biyu saboda hadari ya isa ya sa ka rasa babban jirgin, kuma babu wanda zai biya ka. Ka dawo Kuala Lumpur da kwana ɗaya a hannu, ka auna kayanka tun a otal saboda ƙananan jiragen cikin gida suna cajin kowane kilo da ya ƙaru. Filin KLIA yana da tasha biyu: jiragen AirAsia suna sauka a ta biyu, yawancin manyan jiragen da ke zuwa Doha da Istanbul da Dubai kuma suna tashi daga ta ɗaya, jirgin ƙasa yana haɗa su cikin minti uku. Ka duba lambar tashar a tikitinka tun daren, ka isa sa'o'i uku kafin tashi, sauran ringit ɗin da ke aljihunka kuma ka mayar da su dala kafin ka wuce wurin buga hatimi.